Kafin A Sayi Libar Sirdi, A Tuna Da Gangaren Vimtim

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan ƙasar Mubi a kan keke ya san cewa hawan tudu wahala ce, amma gangarowa ita ce mai hatsari. Hawa gumi yake ci. Gangara kuwa, in aka yi sakaci, haƙori take ci, wani lokaci ma har da ƙashin kafaɗa.

Vimtim gari ne na Fali a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, cikin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. Yawancin masu karatu sun san sunan garin ne domin shi ne mahaifar marigayi Alex Badeh, wanda ya riƙe muƙamin Babban Hafsan Tsaron ƙasar nan daga 2014 zuwa 2015, da kuma saboda mamayar da 'yan Boko Haram suka yi masa tare da Mubi a ƙarshen watan Oktoba na 2014. Amma abin da ya kawo sunansa wannan fili a yau shi ne yanayin ƙasarsa. Daga Vimtim in aka nufi wajen Muchalla ko Bahuli ko Mijilu, da zarar an saki babbar hanya an shiga ta gonaki da ƙauyuka, sai burji da tsakuwa da hawa da sauka, ga kuma ramukan da ruwan damina yake yankawa kowace shekara daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Irin wannan ƙasa ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane kayan keke da shi kafin a zuba kuɗi a kansa.

KEKE YA DAWO

Akwai lokacin da keken Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, ya zama abin taƙamar malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Daga baya babur ya zo ya ture shi gefe. To amma kowa ya ga yadda al'amura suka juya. Tun da aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda matsalar tsaro, mutane da yawa suka koma wa keke. Sa'an nan da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ga ma'aikata da 'yan makaranta a garuruwa da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu kuma suka nufi wurin masu gwanjo.

A cikin kekunan gwanjon nan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, akan tarar da waɗansu masu kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Galibinsu na tsere ne a kan kwalta, masu siririyar taya. Amma akwai wani sabon iri mai irin wannan ƙaho da taya mai kauri, wanda aka ƙera musamman domin hanyar da ba ta da kwalta. Shi ne za a iya kira keken burji. A Amurka aka fara yayinsa. A 2006 mutum 34 kacal suka fita tseren mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na garin Emporia a Jihar Kansas, tseren da a yau ake kira Unbound Gravel, wanda dubban mutane ke shiga. A 2021 aka fara irinsa a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya, sa'an nan a 2022 hukumar tseren keke ta duniya, watau UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta keken burji a Italiya.

Abin da Turawa suke nema su biya kuɗi su hau domin wasa, shi ne hanyar gona da kasuwa ta mutumin Vimtim. Saboda haka dabarun da suka gano a can suna da amfani a nan, muddin an tace su da hankali.

ME YA SA AKE SAUKE SIRDI?

Mai keken da ya san abin da yake yi yakan ɗaga sirdi har ƙafarsa ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa. Da haka ne ƙarfin cinya yake isa ga kaca, gwiwa kuma ba ta ciwo. Wannan tsayi ya dace da fili da kuma hawa. Amma da an fuskanci gangara mai tsanani, sai dogon sirdin nan ya zama abokin gaba. Yakan tura nauyin mahayi sama da gaba, ya kuma hana shi ja da baya. In tayar gaba ta ci karo da dutse ko ta faɗa rami, ko kuwa mahayi ya damƙe birkin gaba da ƙarfi don tsoro, sai ka ga mutum ya wuntsila ta saman ƙaho, keke ya biyo shi. In sirdi yana ƙasa kuwa, mahayi yana da sararin da zai durƙusa, ya ja jiki baya, ya bar keken ya yi ta motsi a ƙarƙashinsa, ya kuma iya kafa ƙafa a ƙasa nan da nan in abu ya ɓaci.

Masu gangarowa daga duwatsun Kalifoniya a kan keke sun gane wannan tun cikin shekarun 1970. Da farko sai su tsaya su kwance maƙullin sirdi su sauke shi da hannu. A 1984 Joe Breeze da Josh Angell suka fito da wani ɗan sifirin da suka kira Hite-Rite, wanda yake mai da sirdi mazauninsa in an saki maƙulli. Daga nan aka yi ta gyara har aka kai ga sandar sirdi mai sauka ta zamani: bututu biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, da iska ko sifirin a ciki. In mahayi ya danna liba ya zauna, sai nauyinsa ya tura sirdi ƙasa. In ya saki liba, sirdi ya tsaya cak inda yake. In ya sake dannawa ya ɗaga jikinsa, sirdi ya koma sama da kansa. Duk wannan ana yin sa ne keke na tafiya.

Wanda ya sa duniya ta san wannan na'ura a kan keke mai ƙahon rago shi ne Matej Mohorič, ɗan ƙasar Sulobeniya. A ranar 19 ga Maris, 2022, a tseren Milan zuwa San Remo a Italiya, mai tsawon kusan kilomita 300, ya sauke sirdinsa a gangaren tudun Poggio da ke dab da ƙarshen tseren, ya tsere wa abokan karawarsa, ya ci gasar. Aka yi ta surutu, amma UCI ta tabbatar bai karya doka ba. A 2023 kuma shi ne ya zama zakaran duniya na keken burji. Duk da haka kada wani ya ɗauka gudu a kan tsakuwa wasa ne. A watan Agusta na 2022 ɗin nan, Suleiman Kangangi, gwanin tseren keke na Kenya kuma jagoran ƙungiyar Team Amani, ya rasu yana da shekara 33 bayan ya faɗi da gudu a wani tseren burji a Jihar Vermont ta Amurka. In gwani zai faɗi, ina ga ɗan koyo?

INDA HANNU YAKE, NAN LIBA ZA TA ZAUNA

Sandar sirdi komai tsadarta ba ta da amfani in libarta tana wurin da hannu ba zai kai ba a lokacin bukata. Nan ne wahalar keke mai ƙahon rago take. A keken dutse mai miƙaƙƙen kai wurin riƙo ɗaya ne, saboda haka liba tana ƙarƙashin babban yatsa kullum. Ƙahon rago kuwa wurin riƙo uku gare shi: sama kusa da tsakiya, da kan robar da ta rufe hannun birki, da kuma ƙasa cikin lanƙwasa. A gangara mai gargada, ƙwararru ƙasa suke riƙewa, domin a nan ne yatsu suka fi ƙarfin jan birki, kuma girgiza ba ta fizge hannu. Ke nan tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: in yana gangarowa, hannunsa na kan birki, zai iya taɓa wannan liba ba tare da ya saki ƙaho ba?

Libobin da ake da su sun kasu kashi huɗu.

Na ɗaya ita ce wadda ake ɗaurewa a sama kusa da tsakiyar ƙaho. Ita ce mafi araha da sauƙin sawa, ba sai an warware tef ɗin da aka naɗe ƙaho da shi ba. Aibinta shi ne dole hannu ya bar birki kafin ya kai gare ta. Ga mai hanyar da ya san ta kamar tafin hannunsa, wanda zai sauke sirdi tun kafin ya iso bakin gangara, za ta wadatar. Ga hanyar da ruwan daren jiya ya sāke wa fasali kuwa, ba ta isa ba.

Na biyu ita ce wadda ake kafawa a cikin lanƙwasar ƙaho, ƙasa kaɗan da hannun birki na hagu, wayarta kuma ta bi ƙarƙashin tef. In hannu yana ƙasa, babban yatsa ne yake tura ta. Waɗansu ma an yi musu baki biyu, yadda in hannu yana kan robar birki za a iya jan su da ɗan yatsa. Kamfanoni irin su Wolf Tooth da PNW da Fox na Amurka suna yin irinta. Ita ce ta fi dacewa da mafi yawan mahaya, domin tana aiki da kusan kowane irin birki da giya. Abin lura a nan shi ne a gwada mazauninta da hannun mai keken kansa kafin a naɗe tef, gama in ta yi ƙasa da yawa za ta riƙa gogar tafin hannu, in ta yi sama kuma za ta tare hanyar hannun birki.

Na uku ita ce wadda aka haɗa cikin hannun birkin kansa. A irin waɗannan kekuna hannun birki na hagu shi ne kuma yake sauya giyar gaba. To in keken farantin kaca ɗaya gare shi a gaba, sai ya zama hannun hagu ba shi da giyar da zai sauya. Kamfanin Shimano na Japan, da ya fito da kayan GRX na keken burji a 2019, sai ya ba wannan hannu aikin sirdi, a samfurin da ya sa wa lamba ST-RX810-LA. Ana tura hannun birkin ciki kamar za a sauya giya, sai sirdi ya saki. Babu wadda ta fi ta tsafta da sauƙin kaiwa daga sama ko ƙasa. Amma tana da sharuɗɗa biyu: faranti ɗaya a gaba, da kuma birkin Shimano mai aiki da mai. Wanda kekensa ke da faranti biyu, kuma yana bukatar ƙaramin domin hawan tudu da kaya, bai kamata ya sadaukar da shi saboda kyan gani ba.

Na huɗu ita ce marar waya. A 2021 kamfanin RockShox, wanda yake ƙarƙashin SRAM, ya fito da Reverb AXS XPLR domin keken burji, mai saukar milimita 50 ko 75. Batir ne yake sarrafa ta, kuma a keke mai giyar lantarki ta SRAM ana iya shirya ta yadda in an danna maɓallan giya na hagu da dama a lokaci guda sirdi zai saki. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, batirinta yana bukatar caji, in kuma ta lalace babu mai gyaran keken da zai buɗe ta a gindin bishiya.

AWO KAFIN CINIKI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yawancin asarar da ake yi a wannan harka daga rashin awo take, musamman ga mai aikawa da kuɗi a sayo masa kaya daga waje, inda mayarwa ba ta yiwuwa. Abubuwa biyar ne za a duba.

Da farko kaurin ƙaho. Miƙaƙƙen kan keken dutse milimita 22.2 ne a wurin riƙo. Ƙahon rago kuwa kusan milimita 24 ne a lanƙwasa, kuma galibi 31.8 a tsakiya. Saboda haka libar keken dutse, wadda ta fi yawa a kayan gwanjo, ba za ta shiga lanƙwasar ƙahon rago ba. Kada a buɗa bakinta da ƙarfi, karyewa za ta yi.

Na biyu kan waya. Wayar da ake amfani da ita irin ta giya ce, mai ɗan dunƙulen kai a gefe guda. Waɗansu sanduna suna son wannan kai a wajensu, liba ta damƙe yankakken gefen da noti. Waɗansu kuma akasin haka suke. In sanda da liba duka biyu suna neman kan wayar, to an yi cinikin biri a sama. Libar da ke damƙe waya da noti ita ce ta fi sauƙin daidaitawa, domin ana ƙara ko rage tsauri a gaban ido.

Na uku, a tabbatar sandar ta waya ce. Tsohuwar RockShox Reverb, wadda ta fito a 2010, da mai take aiki ta cikin siririn tiyo, kuma libar waya ba ta motsa ta sai da wani abin haɗi na musamman. Mai sayen gwanjo ya duba wannan da kyau.

Na huɗu kaurin bututun da sandar za ta shiga. Yawancin kekunan burji milimita 27.2 ne, na dutse kuwa 30.9 ko 31.6. Siririyar sanda tana iya zama cikin faffaɗan bututu in an sa mata zoben cikewa, amma kakkaura ba ta shiga siriri ko da za a kwana ana duka. Tsofaffin kekunan nan namu irin su Raleigh da Phoenix bututunsu bai kai 27.2 ba, saboda haka wannan sanda ba tasu ba ce.

Na biyar hanyar waya. Sanduna da yawa wayarsu ta cikin firam take bi, ta ɓullo ƙarƙashin sandar. In firam ɗin ba shi da ramin da aka yi domin haka, sai a nemi sanda mai waya ta waje. Huda firam da na'ura ganganci ne, domin a wurin hujin tsagewa take farawa, kuma ba ta yin sallama.

ƘURA DA LAKA

Ƙasar Mubi tana da laka da damina, da ƙurar hunturu da rani, kuma duka biyun maƙiyan waya ne. Libar da ta yi tauri galibi ba ita ce ta lalace ba, datti ne ya shiga rigar waya. Sauya waya da rigarta aiki ne da kowane mai gyaran keke da ya saba da keken giya zai iya. Wannan ma shi ne babban dalilin da ya sa libar waya ta fi dacewa da karkara: abin da ke lalacewa a cikinta abu ne mai araha da ake samu a kasuwa.

Ita sandar kuma, a riƙa goge sashen da ke shiga da fita da ƙyalle mai tsabta bayan kowace tafiya. Kada a shafa mata baƙin man inji, ƙura yake tarawa. Kada a ɗaure maƙullin firam da ƙarfin tsiya, domin yakan matse bututu sirdi ya ƙi tashi. Kada a ɗaga keke ta sirdi alhali yana sauke, gama a waɗansu sanduna hakan yana sa iska ta gauraya da man ciki, sirdi ya riƙa lotsawa in an zauna. Kada kuma a ɗaura buhun masara ko jarka a jikin sandar. Kaya na kariya ne.

Akwai kuma batun birki da ya kamata a sani. Kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hagu, watau hannun da liba take. Mai sabon keke ya gwada ya san wanne ne nasa tun yana tsakar gida. Ko wace irin liba ce, ka'ida ɗaya ce: a sauke sirdi a bakin gangara, kafin gudu ya kankama, a rage gudu da birki biyu tare, a kuma sa hular kwano.

GA MAI ƘARAMIN ƘARFI

Gaskiya ita ce mafi yawan masu keke a Vimtim da sauran ƙauyukan Arewa ba su da bukatar wannan na'ura, ba su kuma da rarar kuɗinta. Ga ta kuma da nauyin da ya kai kusan rabin kilo. Amma ilimin da ke cikinta kyauta ne. Wanda kekensa ke da maƙullin sirdi mai ɗan hannu, irin wanda ake buɗewa ba tare da sifana ba, ya riga ya mallaki abin da mutanen Kalifoniya suka fara da shi. Sai ya tsaya a saman tudu, ya sauke sirdi kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, in ya kai ƙasa ya mai da shi. Ya sa wa sandar alama da fenti domin kada ya riƙa lalube. In zai ɗaga kuma, kada ya wuce layin da maƙera suka zana a jikinta, domin sandar da ba ta shiga sosai ba tana fasa bakin firam. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, jinyar karaya kuwa wata da watanni ce, ga shi sau da yawa a tsakiyar aikin gona take zuwa.

Ga wanda Allah ya hore wa keken burji kuma yana son sanda mai sauka, shawara a taƙaice ita ce: in faranti ɗaya gare shi da birkin Shimano mai aiki da mai, hannun birkin GRX ya fi. In ba haka ba, ya nemi libar cikin lanƙwasa mai damƙe waya da noti, bayan ya auna ƙaho da bututu ya kuma duba kan waya. Libar sama ta zama ta ƙarshe, marar waya kuwa a bar wa masu tsere da ke da makaniki a bayansu. Kafin ya biya, ya riƙe ƙahon kamar yana gangarowa daga tudun Mandara bayan ruwan sama, yatsu biyu a kan birki, ya miƙa babban yatsa. In ya taɓa liba, ciniki ya faɗa. In bai taɓa ba, ya mai da kuɗinsa aljihu.

Allah ya kiyaye hanya.